Ajiyar Malama Adawiyya

Shafi na 9

Masu cika min waya da saƙo wai na yi shiru, ku yi haƙuri. Sabis a garin nan sai an hau tudu ake samunsa, ni kuma ba kullum ƙafata ke hawan tudu ba. Masu goyon bayan Mannir na ga sharhinku, kusan dukanku maza ne. Ku karanta na yau tukuna mu ji bakinku.

*

Tun daga ƙofar makaranta ran Malama Adawiyya ya ɓaci. Mai awarar da ke zama bakin ƙofar ce ta fara, ta washe baki ta ce mata barka da arziki. Ta ɗauka gaisuwar Juma'a ce, ta amsa ta wuce. Sai mai gadi ya maimaita. Kafin ta kai kwanar unguwarsu mai nama ma ya ɗago daga kan teburinsa, mutumin da rabon da ta tsaya gabansa tun kafin azumi, ya ce yau akwai hanta mai kyau idan Malama na so. Nan ta tabbatar magana ta fita.

Maganar kuwa guda ce. Shekara da shekaru ana yankar mata haraji a albashi fiye da ƙa'ida, ita da wasu malamai, kuskuren wani ne can inda ake lissafi. Aka yi ta kai kuka har aka gaji aka bari. Kwatsam ranar Talata, tana tsaka da koyar da 'yan aji huɗu, alat ya shigo, an maido mata abinta a dunƙule, dubu ɗari uku da 'yan kai. A wani garin ba kuɗin da za a ɗaga kai a kalla ba ne. Amma a Batsari, a wannan shekara da tiyar masara ta gagari mai albashi, kuɗi ne da ake rufe ƙofa kafin a ambace su. Mutum ɗaya ta faɗa wa, mijinta Mannir. Tun ranar gidan bai sake zama lafiya ba, shi yana cewa a kashe, ita tana cewa a ajiye.

Tana tura ƙyauren gida ta yi turus. Babur ne jingine a gindin darbejiya, ja, ko ledar kujerarsa ba a cire ba. Mannir na tsugune gefensa da tsumma, yana goge dattin da babu shi.

Wani abin kuma ta lura da shi. Kwanukan karin kumallo na nan bakin rijiya ba a wanke ba, kaji na bin su. Asama'u, 'yarta ta fari, ba ta taɓa barin kwano ya kai hantsi ba. Ta kalli labulen ɗakin yarinyar, ta kau da kai, ba ta tambaya ba. Adawiyya a ruga aka haife ta, can gefen Zakka, inda uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta tambayar ina ya je, ko ciwo yake sai dai ta sa wani ya duba mata shi. Karatun boko bai cire mata wannan ba. A wayarta ma "Yarinya" ta rubuta a kan lambar.

Sallamar da ta yi ko ita ba ta ji ba.

"Malam, wannan na wane ne?"

Ya miƙe yana murmushin da ya shirya tun safe. Ya ce ba na kowa ba ne tukuna, Alhaji Jinjiri mai sayar da babura ne ya ba shi ya gwada. Ko sisi bai karɓa ba. Shi da kansa ya kira shi yana wucewa, ya miƙa masa makulli, ya ce ya je gida su yi shawara da Malama.

Ta ajiye jakarta a kan turmi a hankali.

"Ku yi shawara da Malama. Shi Alhaji Jinjiri ina ya san Malama na da abin shawara?"

Mannir ya rantse bai faɗa wa kowa a waje ba. Ta ce to mai awara mafarki ta yi, mai gadi kuma duba yake yi, mai nama shi ma wahayi aka yi masa. Ta ce kwana nawa da shigowar kuɗin nan, ko warinsu ba ta ji ba, amma har an raba mata su a kasuwa. Adawiyya irin mutanen nan ce da ba su iya faɗa ba, idan ransu ya ɓaci sai murya ta ƙi ba su haɗin kai.

Shi kuwa ya iya. Ya jefar da tsumman ya fara kawo nasa, kuma gaskiya, ko da yake ba na bayansa, ba duka ne shirme ba. Da can manomi ne a Darini, da rani ya yi kabu-kabu. Gona ta gagara saboda mutanen daji, suka kwaso tsohuwarsa suka dawo cikin gari. Babur ɗin da ya rage masa aka tare shi a hanyar Runka aka karɓe, ya dawo gida a ƙafa, ko takalmi babu. Tun ranar yake zaune. Ya ce ita ba ta san abin da ake nufi da namiji ya miƙa hannu matarsa ta sa masa kuɗin cefane ba. Ba ta san yadda majalisa ke yin shiru idan ya iso ba, sai wani ya tambaye shi ko an yi albashi, a kwashe da dariya. Ya ce kuɗin da ta ƙudundune a banki kullum ramewa suke, abin da za su saya yau ba za su saye shi bayan Sallah ba. Babur kuwa da safe ya fita, da yamma ya dawo da na tuwo.

Ta ce ta ji. Ajiyewa za ta yi.

Ya tambaye ta a ajiye a yi me. Ta kau da fuska. Ya sake tambaya, ta ce ajiya dai. Wannan amsar ita ce ke haukata shi tun Talata, don da ta ce gini za ta yi, ko Umara za ta je, ko zinari take so, da ya sami abin kamawa ya yi gardama. Amma ta tsaya masa ƙiƙam, ido a ƙasa, ba dalili ba bayani.

"Na sani ai," ya ce. "Uwaisu za ki tura wa. A sai karsana a mayar daji."

Uwaisu wanta ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ta ɗago ta dube shi, kallon da ya kamata ya sa shi yin shiru. Bai yi ba.

"Su karɓe min babur a hanya, ke kuma ki bi su da shanu. Danginki dai ba sa asara, ta gaba ko ta baya."

Wallahi akwai maganar da gara mari da ita. Shekara ashirin ana zaune tare, ya san komai. Ya san garken mahaifinta a yini ɗaya aka kore shi, har da saniyar da aka ba ta ranar sunanta. Ya san tsohon bai ƙara wata biyu a duniya ba, kullum yana zaune bakin garken da babu komai sai igiyoyi. Ya san Uwaisu yanzu shayi yake sayarwa a Safana, mutumin da aka haifa cikin nono, kuma duk ranar da aka yi ɓarna a wani ƙauye shi ake fara kallo saboda hancinsa na Fulani. Da shi Mannir aka ɗauki gawar tsohon. Duk ya sani, ya faɗa.

Adawiyya ta juyo ta fuskance shi. Ba ta yi kuka ba, haushi ya fi ƙarfin kuka.

"Maimaita," ta ce.

Bai maimaita ba. Ya sunkuya ya ɗauki tsumman da ya yar.

"Na ce ka maimaita, Malam. Su wane ne dangina?"

Ta matso har gaban babur ɗin. Ta ce tunda dai danginta ne, to ya faɗa mata tuwon da yake ci tun bara na dangin wa ne. Ta ce alli ta shaƙa, rana ta dake ta, 'ya'yan mutane suka cinye mata murya, aka yanke mata haƙƙinta ba wanda ya taya ta kuka, yau an maido kuma har ya sami bakin raba mata gado tana raye. Ta ce babur ɗin nan ko na zinari ne ba za ta saya ba, ya tura shi ya mayar inda ya ɗauko, kuma ya je ya kwashe maganarta daga bakin mutane kamar yadda ya zuba ta.

Ya sake rantsuwa, wannan karon da ƙarfi, cewa bayan ita da shi ba wanda ya ji sai Inna. Ita kuma Inna ai ba waje ba ce.

Labulen ɗakin kusa da zaure ya motsa. Inna Indo ce, mahaifiyar Mannir, ta fito da carbi a hannu, gefen zanenta duk garin gero. Tsohuwa ce mai tsabta da son a ce ta kyauta. Tun da aka raba ta da Darini take zaune da su, kuma ita ta goyi Asama'u tun daga yaye, ita ke kiran sunanta sau ɗari a yini a madadin uwar. Ta dube su ɗaya bayan ɗaya, fuskarta a sake.

"Mi ya yi zafi haka da ranar Juma'a? In don barkar da mutane ka yi maki ne, ɗiyar nan, ba Mannir ba ne. Ni ce."

Ta faɗe shi da alfahari, tana jiran a gode mata. Ta zauna a kan kujerar tsugune ta ba su labari tiryan-tiryan. Wai tun da Mannir ya gaya mata take kallonsu, alheri ya shigo gida amma ba wanda ya ce a fitar da ko ƙwayar gero, sai faɗa. Ita kuwa ba haka ta tashi ta gani ba. A Darini ko akuya ce ta haifi biyu sai an yi gumba an kai masallaci, liman ya kira sunan mai abin, jama'a su shafa, sannan abu ya yi albarka. Shi ya sa ta jiƙa ɗan geronta da take ɓoyo, wanda ta zo da shi daga gida, ta daka da hannunta jiya Malama na makaranta. Da asuba ta aika da shi masallacin bakin tasha, inda mutanen Darini ke salla, ta ce a roƙa wa surukarta.

Mannir ya daina goge babur.

"Inna, masallacin tasha?"

Ta ce ƙwarai, ai nan ne aka san su. Liman ma ɗan ƙawarta ne.

"Da suna aka yi?"

Ta ce to da me za a yi, addu'a ba suna ai ta kowa ce. Malama Adawiyya matar Mannir na Indo, wadda gwamnati ta maido wa kuɗinta na shekara da shekaru. Har ta ƙara da cewa ladan ya kyauta mata, bai kashe lasifika ba, maƙwabciyarsu da ta je ɗibar ruwa can ta ce har bayan kasuwa an ji.

Duk wanda ya zauna a yankin nan ya san mene ne tasha. Nan ake sanin wanda ya sayar da sa, da wanda ɗansa ya turo kuɗi daga kudu, da wanda ya hau wace mota. A cikin masu shayi da masu lodi da masu zaman banza akwai waɗanda aikinsu kenan, su ji su buga waya daji a ba su ladansu. Ba a san fuskarsu ba, tare ake sahu da su. Mutane sun koma sa tsofaffin kaya ranar kasuwa, mai shanu na rantsuwa ba shi da ko kaza, ita kuwa Inna ta ɗauki sirrin gidanta ta sa a lasifika. Kuma "na shekara da shekaru" a kunnen mai jin yunwa ba dubu ɗari uku ba ne, kafin hantsi ya zama miliyoyi.

Yanzu Mannir ya gane dalilin karamcin Alhaji Jinjiri, mutumin da ko famfon iska bai taɓa ara masa ba.

Adawiyya ta dubi Inna. Surukarta ce, ba ta taɓa ɗaga mata murya ba, kuma abin da ya fi ƙona mata rai shi ne tsohuwar ba da mugunta ta yi ba. Geronta na ƙarshe ta daka. Da mugunta ce da ta san yadda za ta yi da ita. Haushin ya rasa inda zai sauka, sai ya koma kan mai shi na asali. Ta juya ta ce wa Mannir ai ga irinta nan, ita ta rufe ƙofa ta faɗa masa, shi ya buɗe taga.

Inna ta fara tsarguwa. Ta ce ita fa alheri ta nufa, yaushe godiya ga Allah ta zama laifi. Mannir ya ce mata Inna zamanin ne ya canza, yanzu ko layya mutum zai yi sai ya duba bayansa. Muryarsa ta sauka, amma kansa na aiki, kuma abin haushi, inda ya dosa nan ya sake komawa. Ya ce to yanzu magana ta ƙare, ajiya ta haramta. Kuɗin da gari ya sani ba ajiya ba ne, kiran masifa ne. Abin yi ɗaya ne, bayan an sauko Juma'a su je shagon Alhaji Jinjiri a gaban jama'a, a tura masa kuɗin kowa na gani, ya hau babur ya zaga kasuwa da tasha, kowa ya san kuɗin Malama sun ƙare.

Ta yi wata dariya marar daɗi. Ta tambaye shi, su mutanen dajin da me suke yawo, da jaki? Ta ce in akwai abin da suka fi so a kan kuɗi ai babur ne sabo, shi ya fi kowa sani tunda a ƙafa ya dawo daga Runka. Wato a sanar da su kuɗi da asuba, a nuna masu babur da la'asar.

Ya buga hannu a kan kujerar babur ɗin har ledar ta fashe.

"To ki faɗa min na mene ne! A kashe kin ƙi, a ajiye ba hali. Wa kike tara wa?"

Ta kalli Inna, ta kalli ƙasa. Ga amsar a bakinta tun ranar Talata, tun kafin Talata ma, amma faɗinta a gaban uwar miji ya fi mata ɗaukar dutse nauyi. A rugarsu macen da ta tsaya tana yi wa ɗan fari fafutuka abin dariya ce har jikokinta. Ta so a ce shi ya tuna da kansa. Ta yi ta jira ya tuna, shi kuwa idonsa na kan babur.

"Na yarinyar can ne," ta ce, da kyar ake jin ta.

Ya ce wace yarinya.

"Wadda aka ba gurbi a makarantar ungozoma a Katsina, ka ce babu hali a bari sai baɗi. Bara ma haka ka ce. Ƙarshen watan nan za a rufe karɓar kuɗi."

Da ta fara sai abin ya ɓalle. Ta ce kullum ta fita makaranta zuciyarta na gida. Budurwa a garin nan, a wannan zamani, ko ɗibar ruwa ta je sai ita uwar ta ƙirga takunta har ta dawo, amma ba ta da bakin tambaya. So take ta fitar da ita, ta kwana inda ake barci da ido biyu a rufe, ta koyi aikin da ba mai tare ta a hanya ya karɓe. Ta riga ta tambayi kuɗin makaranta da na ɗakin kwana da na kayan aiki, abin da aka maido mata zai kai da kyar. Ko naira ɗaya aka taɓa ba zai kai ba. Shi ya sa ko hantar mai nama ba ta kalla ba.

Mannir ya zauna a bakin rijiya. Kunya ta rufe shi, irin wadda ke zuwa bayan mutum ya riga ya yi ɓarna da baki. Ya ce don Allah me ya hana ta faɗa tun ranar, ai da ko hanyar shagon Alhaji Jinjiri bai bi ba. Ta ce shi da ya haife ta me ya hana shi tunawa.

Inna Indo kuwa idonta ya kawo ruwa. Ita ta fahimci abin fiye da ɗanta, don ita ma ba ta taɓa kiran sunan nata na farin ba har ya koma ga Allah. Ta ce Allah ya yi wa Adawiyya albarka, ɗiyar mutunci ce, ta yi kara. Ta ce da ta san na ƙawarta ne, haka take kiran jikar, ai da gumbar ta fi haka yawa. Har ta ɗan yi murmushi, ta ce bari ƙawar tata ta dawo ta ji, yau ba mai barci a gidan nan don murna.

Mannir ne ya ɗago.

"Ta dawo daga ina?"

Inna ta ce daga Safana mana. Gumbar ta yi saura, kuma ba a yin sadaka a manta da na jiki. Ta ƙulla rabon Zuwairatu, ƙanwar Mannir da ke aure can, da na Uwaisu, ta ba Asama'u ta kai masu. Tun da hantsi ta tafi, bayan uwarta ta fita makaranta. Ta ce kada su damu, ita da kanta ta raka ta tasha, ba ta yarda ta hau babur ba, a-kori-kura ta sa ta, gidan gaba.

"Har na damƙa ta hannun direba," ta ce. "Na ce mashi ga ɗiyar Malamar da anka yi wa addu'a da asuba, ita ce babba, a kula min da ita. Kowa a wurin ya ce in sha Allah."

Ita kanta Inna sai da maganar ta fita ta ji ta da kunnenta. Carbin ya zame daga hannunta.

Adawiyya ta tuna kwanukan da ta gani tun shigowarta. Ta gani, ta kalli labule, ta kau da kai. Da ta tambaya a lokacin, da tuni an san inda ake. Ta tsaya faɗa a kan babur.

Mannir ya laluba aljihu, wayarsa ba kati. Ta miƙa masa tata ba tare da ta dube shi ba. Ya kira Zuwairatu, sai a kira na biyu ya shiga. Ba ta ma san da zuwan kowa ba. Ta ce tun safe tana gida, ba wanda ya yi sallama, kuma motocin Batsari na safe sun daɗe da isowa, har sun yi lodi sun juya. Ya ce ta aika wurin Uwaisu a duba. Ta ce teburinsa na kallon tasha, da ya gan ta da shi zai kawo ta.

Ya kira lambar yarinyar. Ta yi ta ƙara har ta katse. Ya sake, haka. Inna ta fara salati ƙasa-ƙasa, tana cewa wataƙila mota ce ta lalace, motocin nan duk sun tsufa, wataƙila wayar na cikin jaka. Ba wanda ya taya ta. Daga nesa aka fara kiran sallar Juma'a, maza na wucewa ta ƙofar gida, ana jin takunsu da gaishe-gaishensu, wani har ya ɗaga murya ya ce a gaida Malama.

Adawiyya ta karɓi wayarta. Ta yafa mayafi, ta ce tasha za ta je. Mannir ya tare ƙofa ya ce ta bari shi ya je, ta ce ya matsa mata, yau ba ta da sauran abin da za ta ji daga bakinsa. Suna cikin haka wayar ta yi ƙara a hannunta.

Ta duba. "Yarinya."

Inna ta ce alhamdu lillahi, ta miƙo hannu a ba ta, don ita ce mai amsa wa jikarta kullum. Adawiyya ba ta ba ta ba. Ta danna ta sa a kunne, hannunta ya taɓa wani wuri muryar ta fito fili kowa na ji.

Namiji ne. Ya yi sallama cikakkiya, ba gaggawa. Ya tambayi gida, ya tambayi 'yan makaranta, ya tambayi jikin tsohuwa. Bayansa ana jin iska da kukan shanu.

"Barka da arziki, Malama. Gumba ta iso, mun ci, Allah ya karɓa. Sauran maganar sai kin natsu. A ce wa maigida kada ya mayar da jan babur ɗin nan, ya bar shi nan gindin darbejiya. Shi ma akwai maganarsa."

Mannir ya waiga ya kalli katanga, ya kalli ƙyauren da ke rufe.

Adawiyya ta riƙe wayar da hannu biyu. Sunan da ba ta taɓa furtawa ba tun ranar da aka raɗa shi ya fito daga bakinta, a gaban mijinta, a gaban surukarta.

"Asama'u," ta ce. "Ka ba ni Asama'u in ji muryarta."

Ƙit, aka kashe wayar.